Yadda Ake Gano Ɓoyayyiyar Tsatsa a Jikin Tsohuwar Mota da Wayar Hannu, da Yadda Ake Kawar da Ita

Duk wanda ya saba bin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko wadda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya, ya san tsofaffin motoci ba su ajiye aiki ba. Ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, su ne ke kwaso mutane da buhuna daga Jangeru da ƙauyukan kewaye. Akwai matasa da yawa da burinsu shi ne su sami irin wannan mota da araha, ko su tayar da wadda mahaifi ya jingine a ƙofar gida, su gyara ta koma kan titi. Cinikin ma yanzu a waya ake fara shi: a ga hoto a Facebook ko WhatsApp, fenti na ƙyalli, a tura kafin alƙalami.

Matsalar ita ce hoto fenti kawai yake nunawa. Tsatsar da ke kashe mota daga ciki take farawa, a lungunan da ido ba ya kaiwa, kuma kafin ta ɓullo waje ta riga ta cinye ƙarfen. Darasin yau zai yi bayanin yadda tsatsa ke samuwa, inda take ɓuya, yadda wayar hannu da ƙananan na'urori ke tona ta, da yadda ake cire ta a hana ta dawowa.

Motar da za a yi misali da ita

Za a fi yin misali da Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. Ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai. Wannan ya sa har yau ana samun kayan gyaranta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna.

Abu mai muhimmanci game da ƙaramar 504, da Golf, da kusan duk ƙananan motoci, shi ne ba su da shasi daban kamar Hilux ko Land Cruiser. Bodin ne kansa ƙashin bayan motar. An naɗe siraran fallayen ƙarfe, an mayar da su kamar akwatuna masu rami a ciki, an haɗe su da walda. Ƙarfin motar yana cikin waɗannan akwatuna, kuma a cikinsu ne ruwa da laka ke kwanciya.

Yadda tsatsa ke samuwa

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, iskar oksijin da ruwa. Idan ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfen da babu fenti, wurin yana komawa kamar ɗan ƙaramin batir. Wani ɓangare na ƙarfen yana narkewa cikin ruwan, wani ɓangaren yana karɓar oksijin, sai ruwan ya zama hanyar da lantarkin ke bi. Abin da ya rage shi ne jan garin nan da kowa ya sani. Idan akwai gishiri a cikin ruwan, lantarkin ya fi gudu, cin ƙarfen ya fi sauri.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, tana kumbura ninki biyu zuwa shida. Shi ya sa take ɗaga fenti ya yi ƙuraje, take kuma buɗe bakin walda. Sannan tana shan ruwa ta riƙe kamar soso, wato da zarar ta fara, ita ke ciyar da kanta. Asarar ba ƙarama ba ce: wani bincike da ƙungiyar masana lalacewar ƙarfe ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa da danginta na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara.

Ina ruwan busasshiyar ƙasa da tsatsa?

Wani zai ce ai arewacin Zamfara ba Legas ba ne. Gaskiya ne, busasshiyar iskar hunturu da ta bazara alheri ce ga ƙarfe, domin tsatsa ba ta samun ƙarfi sosai sai danshin iska ya haura kusan kashi 60 cikin ɗari. Amma akwai hanyoyi biyar da take shigowa.

Ta farko, lakar damina. Daga Yuni zuwa Satumba mota na ratsa kududdufai da rafuka, laka na cika bayan madigadi da cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. Wajen motar zai bushe cikin sa'a guda, amma lakar da ke ciki na iya riƙe danshi na makonni.

Ta biyu, kayan da ake ɗauka. Takin zamani, gishiri, da fitsarin dabbobi duk suna cin ƙarfe. Akori-kurar da ke dakon taki a farkon damina, ko tumaki ranar kasuwa, bayanta ne ke fara ruɓewa.

Ta uku, ruwan batir. Idan ya tsiyaya, yana cinye mazaunin batir da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa.

Ta huɗu, robobin gilashi da na ƙofa. Zafin rana na busar da su su tsage, ruwan sama ya sulale ya kwanta ƙarƙashin kafet, inda babu mai dubawa.

Ta biyar, tarihin motar. Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, da yawa sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, irin su Jamus, Kanada da arewacin Amurka. Wasu kuma ambaliya ce ta shanye su aka yi gwanjonsu. Irin waɗannan da ciwonsu suke zuwa.

Abin da ke cikin haɗari

Tsatsa a kan rufi ko bonet muni ne kawai. Wadda ke kan ƙashin motar kuwa maganar rai ce. Idan mazaunin shakazoba ya ruɓe, yana iya ɓallewa a cikin rami ana tsaka da gudu. Idan inda aka ɗaure bel ɗin kujera ya ruɓe, bel ɗin zai tsinke da ƙarfensa a lokacin da ake buƙatarsa. Bututun birki na ƙarfe ne, kuma huda ɗaya ta isa birki ya shanye. Ramin da ke daɓen mota kuma yana shigo da hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da guba marar wari da ke sa direba gyangyaɗi.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. A 2016 Toyota ta amince da sasantawa a kotun Amurka da kuɗinta zai iya kaiwa dala biliyan 3.4, kan shasin motoci kusan miliyan ɗaya da rabi ƙirar Tacoma, Tundra da Sequoia da aka yi ƙorafin tsatsa na cinye su.

Kayan bincike

1. Wayar hannu. Tocilan ɗinta da kyamararta su ne kayan aiki na farko. Idan aka kwantar da haske a gefen bodi maimakon a haska kai tsaye, duk wani tudu da kwari na fenti zai fito. Inda kai ba ya shiga, sai a kunna bidiyo da fitila a zura wayar.

2. Kyamarar igiya. Wata 'yar kyamara ce mai kaurin milimita 5.5 zuwa 8 a bakin doguwar igiya, da ƙananan fitilu kewaye da ita, ana jona ta a wajen cajin waya. Kafin a saya, a tabbatar wayar na karɓar OTG. A wasu wayoyi, irin su Tecno, Infinix da Oppo, sai an shiga saituna an kunna OTG ɗin da hannu. Akwai kuma mai haɗuwa ta Wi-Fi, wadda ke aiki da kusan kowace waya. A zaɓi mai igiya mai ɗan tauri, domin mai laushi naɗewa take yi a cikin rami. A tambaya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko a duba shagunan intanet irin su Jumia da AliExpress.

3. Maganaɗisu marar ƙarfi sosai, irin na jikin firij, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Yana kama ƙarfe, amma ba ya kama fila, wato ƙullun nan da masu gyaran bodi ke shafawa su cike lotsawa.

4. Na'urar auna kaurin fenti. Tana bayar da lamba a ma'aunin maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin kamfani yawanci yana tsakanin 100 da 180. Idan ta nuna 300 zuwa sama, an sake fenti. Idan ta kai 1000, akwai fila a ƙasa.

5. Sukundireba da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsa bugu da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, wani lokaci har a ji gari na zuba a ciki.

Inda za a duba

A fara da wanke motar, har ƙarƙashinta, a bar ta ta bushe. A yi binciken da rana, a kan ramin gareji. Kada a taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

A fara da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, dama da hagu. Yana da ƙananan ramukan fitar ruwa da wasu da aka toshe da roba. A cire robar a zura kyamarar igiya. Daga nan a duba wuraren da ake kafa jak: idan sun lotsa ciki, ƙarfen ya yi rauni. A ɗaga kafet gaba da baya, a taɓa soson da ke ƙasa a ji ko da danshi. A buɗe but a fitar da safaya, domin ramin da take zama tafki ne idan roba ta lalace. A buɗe bonet a duba mazaunin batir, saman shakazoba, da kwararon da ke ƙasan gilashin gaba inda ganye da ƙasa ke taruwa. Sai gindin ƙofofi, bakin madigadi, da kewayen gilasai. A ƙarshe a bi bututun birki da na mai da haske tun daga gaba har baya.

Akwai alamun da ke nuna an ɓoye wani abu. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota na ɗaya daga ciki. Haka ma sabon kafet da aka manne da gam, da ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, da busasshiyar laka a bayan dashbod ko cikin fitilu, wadda ke nuna motar ta taɓa nutsewa. Mai sayarwar da ya hana a ɗaga kafet ya riga ya ba da amsa.

Idan motar 'yar waje ce da aka ƙera daga 1981 zuwa sama, musamman ta Amurka, tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17. A rubuta ta a Google. Sau da yawa, idan an taɓa yin gwanjon motar a Copart ko IAAI, hotunanta na ranar gwanjon za su fito.

Kowane wuri da aka duba a ɗauki hotonsa, a ajiye a jaka guda a waya, a sa wa kowane hoto sunan wurin. Da waɗannan hotuna za a yi ciniki, da su kuma za a bi diddigin aikin mai gyara.

Matakan tsatsa uku

Mataki na farko, ta sama: ja-ja ne kawai a fuskar ƙarfe, sanfefa na goge ta.

Mataki na biyu, mai ɓawo: ƙarfen ya fara ɓarewa, ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, amma bai huje ba.

Mataki na uku, mai huda: sukundireba na shigewa. A nan babu sauran ƙarfen da za a ceta.

Fentin da ya yi ƙuraje a gindin ƙofa ko bakin madigadi yawanci mataki na uku ne, domin daga baya tsatsar ta ratso. Abin da ido ya gani a waje kaɗan ne daga abin da ke ciki.

Yadda ake cire ta

Ta sama: a goge da sanfefa mai lamba 80, a bi da mai lamba 180, har sai farin ƙarfe ya fito, a kuma wuce iyakar jan da yatsa biyu ko uku ta kowane gefe.

Mai ɓawo: a kankare da burushin ƙarfe na injin giranda. A kula, burushi na iya goge saman tsatsa ya yi ƙyalli alhali tana nan a cikin ramukan. Don haka ake bin sa da sinadari. Masu ɗauke da fosforik asid suna narkar da tsatsa su bar wani siririn rufi mai launin toka. Masu ɗauke da tanin kuma suna mayar da ita baƙa mai tauri. Tanin ɗin nan dangin wanda ke cikin bagaruwa ne da majema ke jima da ita, shi ne ma dalilin da ruwan bagaruwa ke yin baƙi idan ya haɗu da ƙarfe. Sai dai waɗannan sinadarai siririyar tsatsa kawai suke iya ratsawa. Idan aka shafa su a kan ɓawo mai kauri, sama zai yi baƙi, ƙasa na ci gaba da ci. A bi umarnin da ke jikin gwangwani wajen wankewa da busarwa.

Kada a yi amfani da ruwan batir ko asid ɗin wanke bayan gida. Suna cire tsatsa nan take, amma suna maƙalewa a bakin walda su ci gaba da cin ƙarfen bayan an yi fenti.

Mai huda: maganinta ɗaya ne, a yanke a sa sabon ƙarfe. A yanka har sai an isa ƙarfe mai cikakken kauri. A zana siffar ramin a kwali, a yanko ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Kwanon rufi da gwangwani ba su da wannan ƙarfi. A haɗa baki da baki, kada a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri, domin tsakanin fallayen biyu sabon maɓoyar ruwa ne. Walda a kan siririn ƙarfe ɗigo-ɗigo ake yin ta, ana tsallakawa ana barin wurin ya huce, in ba haka ba bodin zai lanƙwashe. Waldar MIG ta fi dacewa da wannan aiki. Idan ta gas ce kaɗai ake da ita, a nemi mai haƙuri, a kuma kankare duk dattin da ta bari. Bayan an gama, a kashe fitilar gareji a haska tocilan ta baya: duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai bi.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne toshe rami da fila, wani lokaci har da raga ko kwali a baya. Fila na shan danshi, ba ta kuma da ƙarfin ɗaukar nauyi. Aikinta daidaita fuska ne kawai, kuma bai kamata kaurinta ya wuce kamar milimita uku ba. Motar da aka yi wa irin wancan aiki kyan ɗan maciji gare ta, damina ɗaya ko biyu ke tona asirinta.

Ƙananan kaya: wanka da lantarki

Ga ƙananan ƙarafa irin su maƙalan bamba, murfi da mazaunin batir, akwai dabarar da masu son gwaje-gwaje za su ji daɗinta. A cika bokitin roba da ruwa, a zuba sodar wanki kamar cokali ɗaya a kowace lita huɗu. A rataya abin da za a wanke a tsakiya, a jingina wani tsohon ƙarfe a gefe ba tare da sun taɓa juna ba. A kawo cajar batirin mota mai bolt 12, a maƙala baƙar waya, wato nagatif, a jikin abin da ake wankewa, jar waya kuma a jikin tsohon ƙarfen. Idan aka juya su, abin da ake son cetowa ne zai narke. Bayan wasu sa'o'i ko kwana guda tsatsar za ta saki, sai a goge, a busar, a shafa fenti nan take.

A yi wannan a fili, nesa da wuta, domin kumfar da ke tashi iskar haidirojin ce mai kamawa. Kada a sa gishiri a ruwan, kada kuma a yi amfani da ƙarfen silba marar tsatsa irin na cokali a matsayin tsohon ƙarfen, domin yana sakin guba a ruwa. Kayan birki, sifirin da na sitiyari ba a yi musu wannan wanka, sauya su ake yi.

Yadda ake hana ta dawowa

Farin ƙarfe ba ya jira. A damina yana iya fara ja cikin 'yan sa'o'i, ko zufar hannu ma ta isa. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a yankin Shinkafi da Zurmi shi ne rani, amma a rufaffen wuri saboda ƙurar hunturu.

Ga tsarin da ake bi. A goge ƙarfen da sinadarin cire maiƙo. A fesa fentin farko na efoksi mai haɗi biyu, domin shi ne ke toshe danshi. Fentin farko mai launin toka da aka saba gani yana shan ruwa, bai kamata a bar mota da shi tana yawo ba. Bayan efoksi, a bi duk bakin walda da abin liƙe na foliyuretan. A guji silikon mai warin tsami irin na gilashin taga, domin yana fitar da asid yayin bushewa, fenti kuma ba ya kama shi. Sai siririyar fila inda ake buƙata, sannan fenti.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne ya fi muhimmanci: cikin ramuka. Zafin walda yana ƙone duk kariyar da ke bayan ƙarfe, wato sabon facin tsirara yake ta ciki. Ana fesa wani kaki mai ruwa-ruwa ta siririn tiyo a cikin ƙofofi, ƙarfen ƙarƙashinsu da ginshiƙan mota. Yana malala ya shiga tsakanin fallaye ya kori danshi. Waxoyl, Dinitrol da Tectyl na cikin sanannun sunaye. A nan ma kyamarar igiya za ta yi amfani, a leƙa a tabbatar kakin ya game ko'ina. Bayan an fesa, a tsokale ramukan fitar ruwa don kada su toshe.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin Volkswagen ya riƙa malala kaki mai zafi a cikin ramukan Golf ta biyu da ta fito a 1983. Audi kuma ta lulluɓe bodin Audi 80 ta 1986 gaba ɗaya da tutiya, irin wadda ke jikin kwanon rufi. Tutiya na ba da kanta a ci kafin a taɓa ƙarfen. Motocin da suka girmi wannan zamani ba su sami irin wannan gata ba, dole mai gyara ya ba su da hannunsa.

Baƙin man inji da wasu ke shafawa a ƙarƙashin mota yana ɗan korar ruwa, amma yana kumbura robobi, yana tara ƙura, yana kuma cutar da fata. Shi ma baƙin fentin kwalta, idan aka shafa shi a kan tsatsa, rufe ta kawai yake yi ta ci gaba da aiki a ɓoye.

Na'urar da ba ta aiki

A shagunan intanet ana tallar wani ɗan akwati da ake jonawa a batir, wai yana hana mota tsatsa da lantarki. Dabarar da suke fakewa da ita gaskiya ce a jiragen ruwa da bututun da aka binne, domin su a nutse suke cikin ruwa ko damshin ƙasa da ke kammala zagayen lantarkin. Mota kuwa a iska take tsaye a kan tayoyi. Tun a tsakiyar shekarun 1990 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ɗauki mataki kan masu sayar da irin wannan na'ura mai suna Rust Evader saboda iƙirarin da ba su iya tabbatarwa ba. Kuɗinta gara a sayi kaki da su.

Lafiyar mai aiki

Kafin walda a cire kan batir, a kwashe kafet da soso, a sauke tankin mai idan aikin na kusa da shi, a kuma ajiye abin kashe gobara. A sa tabarau lokacin giranda. Fenti mai haɗi biyu na lalata huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Feshin yashi don kankare tsatsa na jawo ciwon huhu marar magani idan da yashin rafi aka yi.

Tsofaffin fentin mota da yawa na ɗauke da dalma. Mutanen Zamfara sun san illarta, tun bayan abin da ya faru a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta hallaka yara sama da 400. Kada a kankare tsohon fenti a tsakar gida, a jiƙa wurin kafin gogewa, a kuma sauya tufafi a wanke jiki kafin a ɗauki yaro.

Kulawar kowace shekara

Kafin ruwan farko, a zuba bokitin ruwa a kan gilasai da ƙofofi a duba ko yana shiga, a sauya robar da ta tsage. Cikin damina, a riƙa wanke lakar bayan madigadi, a kuma wanke bayan akori-kura duk ranar da ta ɗauki taki ko dabbobi. Leda ko tabarmar roba a ƙarƙashin buhuna na rage ɓarna sosai. A watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, a ɗaga kafet a shanya, a sake zura kyamara a wuraren da aka ɗauka bara, a kwatanta hotunan. A sa tunatarwa a kalandar waya don kada a manta.

Ga mai shirin saye kuma, ƙa'idar mai sauƙi ce. Inji da giya ana sauke su a ɗora wasu cikin kwana biyu, amma ruɓaɓɓen bodi na iya cin kuɗin da ya fi na motar. Tsohuwar mota mai koɗaɗɗen fentin kamfani da lafiyayyen ƙarfe ta fi mai sabon fentin da ba a san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Kafin a tura ko sisi, a je da waya mai cikakken caji, da maganaɗisu, da wanda ya san aikin bodi.